Wutar Lantarki a Kan Katanga: Wa Ke Dubawa?

Duk wanda ya zaga Kano ko Abuja a 'yan shekarun nan ya ga yadda wayoyin lantarki suka hau katangun rumbunan ajiya, gidajen mai da manyan shaguna. Ba mu ga laifin ɗan kasuwa ba. Gwamnatin da ta gaza tsare masa dukiya ba ta da bakin hana shi tsare kansa. Sai dai katangar tasa a bakin titi take. A gindinta almajiri ke fakewa, nan mai shayi ke kafa teburinsa.

Shingen da aka kafa bisa ƙa'ida na'ura ce ke sarrafa shi: takan saki wuta na ƙiftawar ido, kusan sau ɗaya a daƙiƙa, ta fizgi mutum ta sake shi. Wayar da ɗan koyo ya jona kai tsaye da wutar gida kuwa, riƙe mutum take yi har rai ya fita. Mai wucewa ba shi da hanyar bambance su.

Afirka ta Kudu, inda shingen nan ya zama ruwan dare, ta wajabta tun 2012 cewa sai mai rajista ne zai kafa shi, ya kuma ba da takardar shaidar inganci. Mu me ya hana mu? Muna kira ga KNUPDA da takwarorinta su sanya shingen cikin sharuɗɗan izinin gini: a ƙayyade tsayin katangar da za a ɗora shi, injiniya ya gwada na'urar kafin a kunna. Ba rasit muke nufi ba, irin wanda ake yanka a ofis babu wanda ya taka wurin. Allon gargaɗi kuma a rubuta shi da Hausa, boko da ajami, a haɗa da hoto, domin yawancin masu kwana a gindin katangar ba sa karanta Turanci.