Mai Babban Lambu, Ina Za Ka Samo Dashe?

A wannan mako filin namu ya leƙa Maiduguri ne, kuma dalilin leƙawar wani kawuna ne da ke zaune a unguwar Mafoni, wanda ya tsare ni da wata tambaya da na ɗauka ƙarama ce, sai da na shiga bin ta na ga ashe tana da reshe.

Wanda ya san Mafoni ya san ba wurin lambu ba ne. Tsohuwar unguwa ce, tun kafin Shehu Garbai ya kafa Yerwa a 1907 Turawa suna da sansani a wurin, yau kuwa gida ne jikin gida. Lambun kawuna yana can bayan gari ta wajen Jere, inda ruwan kogin Ngadda yake malala, kuma ya kai hekta ɗaya da rabi. Niyyarsa ita ce ya sa tumatir a hekta ɗaya, ya sa albasa a ragowar. Sai ya ce mini, "Ɗana, ku da kuke yawon neman labari, a ina mutum zai sami mai sayar masa da dashe mai yawa a tashi ɗaya, wanda kuma ba zai cuce shi ba?"

Na ce, "Kawu, ba ga kasuwar Gamboru nan ba?" Sai ya yi dariya, ya ce in ɗauki alƙalami in yi lissafi.

To, ga lissafin. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Idan aka bar tazarar santimita 60 tsakanin kunya da kunya, da santimita 60 tsakanin tushe da tushe, hektar za ta ci tushen tumatir kusan 27,800. Sai a ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda cike gurbin waɗanda za su mutu, watau ana maganar dashe 30,000 ke nan. Albasa kuwa ta fi haka ban tsoro, domin ita matse ta ake yi. A tazarar santimita 15 da 20, rabin hekta kaɗai yana bukatar fiye da 160,000. Mai ɗan fili a bayan gida zai iya zuwa kasuwa ya sayi ƙulli biyu ko uku ya koma abinsa. Amma mai neman dubu talatin, ko da ya tattara duk abin da aka kawo kasuwa a ranar, abin da zai samu tarkace ne: wannan ƙulli ɗan mako uku, wancan ɗan mako shida, wannan Roma, wancan kuwa mai shi ma bai san sunansa ba. Lambun da aka dasa da irin wannan ba ya nuna tare, ba a tsinke shi tare, kuma mai mota ba zai zo ɗaukar kwando goma ba alhali ya saba da ɗari.

Kawuna ya riga ya ɗanɗana. A wata shekara da ta wuce ya ba wani dillali kuɗi aka yi masa odar dashen tumatir daga wata jiha mai nisa, saboda an ce masa can ya fi araha. Aka tumɓuke shi da safe, aka cusa a buhuna, ya wuni a kan mota ya kwana a hanya. Da aka kwance buhunan na tsakiya ya riga ya dahu da zafin kansa. Wanda ya rayu kuma, bayan wata guda sai ya tsaya cak, ganye ya yi rawaya, da aka tono saiwar sai ga ta duk ƙulli-ƙulli kamar carbi. Malamin gona ya ce masa wata ƙaramar tsutsa ce da ido ba ya gani, a ƙasa take zaune, kuma a jikin saiwar dashen ta biyo shi. Watau ya sayi cuta da kuɗinsa, ya kuma shuka ta a ƙasarsa, inda za ta daɗe bayan an manta da arahar. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

A nan ya kamata a tsaya a yi maganar nisa, domin ita ce Maiduguri ta bambanta da sauran wurare. Gaskiya ne cewa cibiyar noman tumatir a Arewa tana wajen Kano, a Kadawa da Kura da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga yake gudana tun shekarun 1970. A can ne kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar tumatir a 2016, ya kuma gina rumfunan renon dashe a kusa da ita. A can ne kuma, a Bagauda, Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa mai hedkwata a Ibadan take da reshe. Duk mai neman ilmin sana'ar ya je can ya gani. Amma daga Kano zuwa Maiduguri tafiyar kusan kilomita 600 ce, kuma yankin da ke tsakanin Damaturu da Maiduguri ba hanya ce da direba yake son bi da dare ba. Dashe kuwa sanyin dare ko na asuba yake so a tafi da shi. Saboda haka duk dashen da ya taso daga nesa, a tsakiyar rana zai ƙarasa. Iri a cikin gwangwani ko leda yana iya zuwa daga Holan ya iso lafiya. Dashe mai rai ne, awa nawa ya yi a waje shi ne ajalinsa.

Haɗarin bai tsaya kan mai lambu ɗaya ba. Masu karatu za su tuna da tsutsar nan da manoma suka raɗa wa suna Sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta ratso har ta iso mu, a 2016 kuwa ta yi ɓarnar da sai da Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ƙwanta ƙanana ne ƙwarai, a bayan ganye take saka su, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da take bi ta shiga sabon wuri ita ce jikin dashe. Mutum ɗaya ya shigo da buhu ɗaya, maƙwabtansa goma su kwana a ciki.

To, ina mafita? Bayan na zagaya na tambayi masu lambu da malaman gona, abin da na fahimta shi ne dashe mai yawa ba a sayensa, sa shi ake yi a rena. Wanda yake nemansa ranar da ya gama gyaran fili ya makara da wata guda ko biyu. Tumatir yana bukatar mako uku zuwa huɗu a wurin reno, kabeji huɗu zuwa biyar, tattasai da attaruhu mako shida ko fiye, albasa kuwa shida zuwa takwas, sai kaurinta ya kusa na fensir. Daga ranar da mutum yake son dasawa sai ya ƙirga baya. Kuma a Maiduguri ba a wasa da wannan ƙirge, domin tumatir hunturu yake so ya yi fure a cikinsa. Da zarar Maris ya yi nisa aka doshi Afrilu, zafi ya haura digiri 40, sai fure ya riƙa zubewa ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Mai son dasawa a Nuwamba, a Oktoba ya kamata irinsa ya shiga ƙasa, maganar kuwa a Satumba ake ƙulla ta.

Da wa za a ƙulla? Da manomin da yake kusa, wanda za ka iya hawa babur ka je ka ga fangalinsa ka dawo kafin azahar. A bakin Ngadda da wajen tafkin Alau akwai mutanen da suka gaji noman rani, kowannensu yana rena wa kansa, kuma a cikinsu akwai waɗanda Allah Ya ba hannu. Irin waɗannan ba su da allo a bakin titi, sai an tambaya. Masu sayar da iri da maganin feshi a cikin gari sun san su, domin a wurinsu suke saye. Malaman Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Borno ma sun san su. Idan mutane uku da ba su haɗa baki ba suka ambaci mutum ɗaya, to ka nufi wurinsa.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: kai ne za ka sayi irin, ka kai masa. Ka saye shi a rufe, da sunansa da ranar ƙarewarsa a jiki, da shaidar Hukumar Kula da Ingancin Iri ta Ƙasa. Giram ɗaya na irin tumatir yana ɗauke da ƙwaya wajen 300, saboda haka a lissafi giram 100 ya kai dubu talatin, ko da yake a fangalin ƙasa akan yafa ninki biyu ko uku na haka saboda asara. Dalilin da ya sa ba a barin mai reno ya zaɓo iri shi ne, dashe ɗan mako uku ba ya faɗin asalinsa. Roma da UC82B da wanda aka matso daga ruɓaɓɓen tumatir a bakin kasuwa, duk kamanninsu ɗaya a idon mai saye, sai bayan wata biyu gaskiya take fitowa, lokacin da kuɗin taki da na man inji sun riga sun tafi. Haka kuma irin nan mai aure da kamfanoni ke sayarwa da tsada, in aka ɗebi 'ya'yansa aka sake shukawa ba ya maimaita halin uwarsa, amma marar tsoron Allah zai sayar maka da jikansa da sunan kakan. Albasa ce kaɗai zan ɗan sassauta, domin Borno tana da nata na gado, irin jar albasar Bama, wadda manoma suke adana irinta da kansu. Ko a nan ma a saya a hannun wanda aka ga amfanin gonarsa.

Sa'an nan a yi magana a gaban shaidu, in da hali a rubuta: adadi nawa, ranar yafi, ranar tumɓuka, nawa ne kafin alƙalami, wa zai ɗauki asara idan ya lalace kafin ranar. Kada a biya duka a farko. Kada kuma a karɓi dubu talatin a rana ɗaya, domin ba ka da hannuwan da za su dasa su kafin su yi yaushi. A raba yafin kashi uku, tsakaninsu kwana biyar ko mako, a riƙa tumɓuka da la'asar ana dasawa da yamma ana bi da ruwa. Kuma ka je da ƙafarka sau biyu ko uku kafin ranar. Ka duba ko ƙasar fangalin an taɓa yin tumatir ko gauta a cikinta bara. Ka juya ganye ka ga bayansa. Ka tumɓuke guda biyar daga wurare daban-daban, saiwa fara mai gashi ake nema, da kara gajere mai kauri. Dogon dashe siriri wanda ya yi kore shar, wanda shi ne yake ruɗar baƙo, inuwa da cunkoso ne suka miƙar da shi, rana ɗaya a fili ta ishe shi. Ka kuma roƙi mai renon ya rage masa ruwa ya janye rumfa a makon ƙarshe, don ya saba da wahala tun yana gida.

Akwai sabuwar hanya da ta fara yaɗuwa a Kano da Kaduna, watau reno a faranti na roba mai ramuka, kowane rami ƙwaya ɗaya, a ƙarƙashin rumfar raga mai hana ƙwari. Dashen yana fita da ƙasarsa a jikin saiwa, ba ya jin ciwon tumɓuka, kuma ba a asarar iri mai tsada. Faranti mai rami 200 guda 150 sun ishi hekta. Ya fi tsada, kuma yana cin wuri a mota, wanda wannan ma wani dalili ne na a yi shi a kusa.

A nan ne nake da magana da hukuma. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci babban ɓangare na Maiduguri da Jere, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ya zo daidai lokacin da masu lambu suke shirin reno. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar, kuma muna fatan Allah Ya sa a gama lafiya. Amma ruwa kaɗai ba ya yin lambu. Garin nan cike yake da manoman da rikici ya raba da ƙauyukansu, kuma bayan abin da ya sami manoman Zabarmari a Koshebe a Nuwamban 2020, ba wanda zai ga laifin mai son yin noma kusa da gari. Renon dashe sana'a ce da ba ta bukatar fili mai yawa, ɗan wuri da ruwa da kulawa take so, mace ma tana iya yinta a cikin gida. Ƙungiyoyin agaji sun yi shekaru suna rabon irin kayan lambu, mun gode, sai dai ƙwayar iri a hannun wanda ba shi da wurin reno rabin taimako ce. Ga Jami'ar Maiduguri da tsangayarta ta aikin gona, ga Kwalejin Aikin Gona ta Mohamet Lawan, ga Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, ko da yake ita alkama da gero ne aikinta. Me zai hana a horar da matasa da mata wannan sana'a, a yi musu rajista, malamin gona ya riƙa duba fangalinsu, mai babban lambu kuma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa?

Kawuna dai bai jira hukuma ba. Ya sami wani dattijo a bakin kogi wanda mutane uku suka ambata masa, ya kai masa gwangwanayen iri a rufe, suka buɗe tare a gaban limamin wurin. Dattijon ya ce, "Alhaji, tumatir na karɓa, amma albasa dubu ɗari da sittin ta fi ƙarfin fangalina, ka raba ta tsakanina da ƙanena." Kawu ya ce wannan maganar ce ta sa ya ba shi kafin alƙalami ba tare da ya nemi ragi ba. Albasar za a fara yafawa, tumatir ya biyo bayan mako uku.