A Fara Tambayar Baƙo Kafin A Kori Ɗan Gida

Akwai wata magana da ta dami akawuna da malaman makaranta waɗanda Allah ya hore wa 'yar mota, mun kuwa ga ya kamata mu tsoma baki a cikinta, gama asarar da ake yi ta yi yawa. Ga yadda abin kan faru. Kwamfutar mota, watau akwatin nan da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, ta lalace. Mai mota ya ci bashi, ya tafi Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya sayo wata wadda aka ciro daga tsohuwar motar ƙasar waje. A ɗaura, mota ta tashi, kowa ya yi murna. Kafin a isa gida sai fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba. A jona na'urar bincike, ta fitar da lamba, ta ce akwai laifi wajen sansar mai. Nan take sai a ce wa mai mota ya kawo kuɗin sabuwar sansa. Ya kawo, a ɗaura, fitila ba ta mutu ba. Sai kuma a ce ai famfon mai ne. Wata bai yi rabi ba albashi ya ƙare, fitila kuwa tana nan tana ci.

Mu dai ra'ayinmu shi ne, sansar da ta yi shekaru tana aiki lafiya ba ta cika mutuwa daidai ranar da aka sake kwamfuta ba. Idan aka yi baƙo a gida yau, gobe rigima ta tashi, ai baƙon ya kamata a fara tambaya kafin a kori ɗan gida.

Dattawanmu da suka yi aiki zamanin En'e sun san motar da ba ta da wannan fitina. Peugeot 404, da 504 wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, galibinsu kafireto ke gauraya musu mai da iska, makanike kuwa da kunne da sukuddireba yake gyara su. Amma kiɗa ya sake. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa kowace sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a ƙasarta wani tsari na binciken kanta da kanta, mai suna OBD-II. Ƙasashen Turai suka bi sawu, motocin fetur a 2001, na dizal a 2004. Don haka ne duk motar da ke zuwa mana daga can take da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike.

Kowane akawu zai gane yadda kwamfutar nan ke aiki, gama ita ma akawu ce. Tana zaune wuri ɗaya, ba ta ganin mai, ba ta ganin iska. Sansoshi ne ke aiko mata da rahoto, kamar yadda dagatai ke aika wa hakimi, ita kuma ta duba rijistar da aka rubuta mata a masana'anta, ta yanke yawan man da za a fesa wa inji. Sansar da ke auna ƙarfin turin mai tana da waya uku: ɗaya tana kawo mata wuta bolt 5 daga kwamfuta, ɗaya ta ƙasa ce, ta uku ita ke mai da rahoto. In komai lafiya, rahoton yakan tsaya tsakanin rabin bolt da bolt huɗu da rabi. In ya faɗi ƙasa da haka kwamfuta ta rubuta P0192, in ya haura ta rubuta P0193, in kuwa yana cikin iyaka amma bai yi daidai da abin da take tsammani ba, sai ta rubuta P0191.

To, a lura. Kwamfuta ba ta ce sansa ta mutu ba. Abin da ta ce kurum shi ne, rahoton da ya iso mata bai yi daidai da rijistarta ba. Yana yiwuwa dagacin ne ya yi kuskure, yana yiwuwa wasiƙa ce ta lalace a hanya, yana kuma yiwuwa sabon akawun ne ya zo da rijistar wata gunduma dabam.

Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa da shi. Kwamfuta biyu suna iya zama kamar tagwaye a ido, soket ɗinsu ɗaya, amma abin da aka rubuta a cikinsu dabam. Kamfani ɗaya yakan ƙera mota mai suna ɗaya, ta Amurka dabam, ta Turai dabam, ta ƙasashen Larabawa dabam, wani lokaci ma a sake irin sansa tsakanin wannan shekara da ta gaba. Ga misali. Dokar Amurka ta ce mota ta riƙa binciken ko tururin fetur na yoyo daga tanki, saboda haka motocin can da yawa suna da sansa ta musamman mai auna iskar cikin tanki. Motoci da yawa da aka ƙera don wasu ƙasashe ba su da ita. In aka ɗaura wa irin wannan mota kwamfutar Amurka, sai ta yi ta neman rahoton wani ƙauye da babu shi a gundumar, ta rubuta P0452 ko P0453. Ko an sayi sansa goma, ina za a ɗaura ta, alhali ko wayarta babu a jikin motar?

Saboda haka muna ba kowane mai mota shawara, kada ya fitar da ko kwabo sai an bi matakan nan a gabansa.

Da farko a rubuta lambar laifin a takarda, harafi da alƙaluma, a tambaya ko akwai ta kafin a sake kwamfuta. In babu ta da, to, zargi ya koma kan abin da aka taɓa.

Na biyu, a jera tsohuwar kwamfuta da sabuwa, a gwada lambobin da ke manne a jikinsu ɗaya bayan ɗaya. Don haka muke cewa kada mai mota ya yarda a raba shi da tsohuwar, ko da matacciya ce, gama lambar jikinta ita ce takardar shaidarsa.

Na uku, a cire soket, a haska fitila, a duba ko wani tsinke ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa. Tsinkunan nan sirara ne ƙwarai, hannun gaggawa kuwa yakan tanƙwara su wajen cusawa.

Na huɗu, a murɗa makulli ba tare da an ta da inji ba, mai rewaya ya sa mita ya auna wayoyin nan uku. In babu bolt 5, ba sansa ce mai laifi ba tukuna. Sau da yawa sansoshi biyu ko uku suna shan wuta daga hanya ɗaya, in waya ɗaya ta goge ta taɓa ƙarfe duk sai su yi shiru tare. A nan ne kuma za a tambaya abin da ya kashe tsohuwar kwamfutar, ko ruwa ne, ko an juya kan batir, ko gogaggiyar waya. Ruwa ba ya tsami banza. In ba a gano dalilin ba, abin da ya ci ta farko yana nan yana jiran ta biyu.

Na biyar, a tabbata an gabatar da sabuwar kwamfuta ga motar. Galibin motoci tun 1981 suna da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17, motocin zamani kuwa da yawa suna bukatar a rubuta wa kwamfuta wannan lamba, a kuma koya mata makulli. Wasu injunan dizal har lambar kowane nozul sai an shigar mata.

Sai bayan duk wannan, a sa ma'aunin hannu a auna turin man da gaske, a gwada shi da abin da na'ura ke nunawa. In sun saɓa, waya kuma lafiya, kwamfuta kuma ta gidan ce, sa'an nan ne za a ce sansa ta mutu, a saya da kwanciyar rai. Amma muna gargaɗi, wannan awo na injin fetur ne na yau da kullum, wanda turin mansa ya ɗan ɗara iskar taya. A injin dizal na zamani turin ya ninka iskar taya fiye da sau 500, yana iya huda fatar mutum. Kada kowa ya kwance bututunsa inji na tafiya.

Wani zai ce ai mota tana tafiya, me ya sa ba za a cire kan batir fitila ta mutu, ko a manna mata baƙar leda ba? Amsa ita ce, in kwamfuta ta daina yarda da sansar turin mai, sai ta koma ƙiyasi, ta rage wa inji ƙarfi ko ta riƙa fesa mai ba bisa ƙa'ida ba. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, babu malamin makarantar da zai iya ɗaukar asarar mai kullum safiya. Ban da haka, fitila ɗaya ce ke faɗar laifuffukan inji da yawa. Wanda ya rufe ta saboda ƙaramin laifi, ba zai ga babban ba ran da ya zo, sai dai mota ta tsaya masa da iyali a tsakiyar daji. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Ba mu ce makanikanmu ba su da basira ba. Mutanen da suka riƙe tsofaffin motoci shekara da shekaru a kan hanyoyinmu sun cancanci yabo. Amma gyaran motar yau ya zama aikin karatu da awo, a nan kuwa malaman makaranta ke da hannu. Yaron da zai tafi gareji ya fi kowa bukatar ya iya karanta lamba daidai, ya san rabin bolt daga bolt biyar. Muna roƙon hukumomin ilmi su sa na'urar bincike da mita a kowace makarantar koyon sana'a. Muna kuma roƙon shugabannin 'yan kasuwar kayan mota su sa doka a tsakaninsu, duk wanda ya sayar da kwamfuta ya rubuta lambarta a rasit, ya kuma karɓi abinsa in ba ta dace da motar ba.

Ku kuma akawuna, ku da ba ku sa hannu a takardar biyan kuɗi sai kun ga shaida, ku riƙe wannan hali har bakin gareji. A nuna muku lamba, a nuna muku abin da mita ta ce, sa'an nan ku buɗe aljihu. Makanike na ƙwarai ba zai ji haushin tambaya ba, gama shi ma sunansa take karewa. Allah ya kiyaye mana dukiyarmu, ya kai mu gida lafiya, amin.