Garin da aka kafa a bakin rami

A kasuwannin Korgom, da Tasawa, da Mayahi, ba a rasa wanda zai ce ɗansa ko ƙanensa yana Arlit. Tun yunwar 1973 da ta 1984 mutanen wannan yanki suka san hanyar arewa: wasu leburanci, wasu fawa, wasu fataucin gero da wake. Saboda haka tarihin Arlit ba labarin nesa ba ne ga manomin Korgom, kuma ya dace a waiwaye shi.

Kafin 1969 babu gari a wurin, sai duwatsu da rairayi da makiyayan Abzin masu wucewa da raƙumansu. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka gina gari domin ma'aikatansa, aka fara fitar da uraniyom a 1971. A 1974 aka kafa kamfani na biyu, COMINAK, wanda ya soma aiki a 1978, shi ma da nasa garin, Akokan. Domin waɗannan ramuka aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, domin su ne kuma aka haƙa gawayin Anu Araran a samar da lantarki. Gida, da ruwa, da wuta, da asibiti, duka daga kamfani suke fitowa. A farkon mulkin Seyni Kunce kuɗin uraniyom ya gina manyan benaye a Yamai, amma da shekarun 1980 suka kama, farashi ya faɗi, aka shiga rage ma'aikata.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, bayan ta fitar da kimanin tan dubu 75. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila, ban da kuma mai kanti, da mai tuwo, da tela waɗanda albashin nan yake ciyarwa. Abin da aka bari shi ne tsibin dusar ma'adini mai guba, wajen tan miliyan 20, a gefen gari. A 2025 gwamnati ta mai da SOMAÏR mallakar ƙasa, sai dai sauya mai rami ba ya ƙara wa rami arziki. Ko hannun wa yake, wata rana zai ƙare.

Wannan matsala ba Nijar ta fara ganinta ba. A ƙasar Holan, inda itace ya yi ƙaranci tun da daɗewa, mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna girki da ɗumama ɗaki da wata baƙar ƙasar fadama, wadda ruɓaɓɓun tsire-tsire suka taru suka zama. Yankanta ake yi kamar tubali, a shanya, a hura wuta da ita. A 1853 wani attajiri, Jan van de Griendt, ya sayi fili a fadamar Peel, ya sa aka haƙa hanyar ruwa domin kwale-kwale, ya gina wa leburori gidaje, ya raɗa wa ƙauyen suna Helenaveen, wato sunan matarsa Helena. A 1885 ƴaƴansa suka kafa Griendtsveen kusa da shi. Kamar Arlit, kamfani ne mai gida, mai aiki, mai gari.

Baƙar ƙasar ta ƙare, gawayi da gas suka maye gurbinta, amma ƙauyukan suna nan, Helenaveen ma ta zama garin masu lambu. Dalilin haka ya fi fitowa fili a arewacin ƙasar. Can birnin Groningen, wanda ya mallaki fadamu masu yawa, ya gindaya wa masu haƙa sharaɗi: a ajiye ƙasar sama gefe guda, in an gama a gauraya ta da rairayin da ke ƙarƙashi, a mai da wurin gona. Kwale-kwalen da suka kai makamashi birni sukan komo da juji domin taki. Da haka kufan haƙa ya zama gonakin dankali da masana'antun sitaci. Tun ranar da aka sa dagi aka yi shirin ranar da za a ajiye shi.

Mai hankali zai ce Arlit hamada ce, ba za ta zama lambu ba, kuma gaskiyarsa. Amma darasin yana ga sharaɗin ne. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu domin ƙananan hukumomin jahar da ake haƙa. Hakkin magabata ne su tabbatar kuɗin ya iso, ya kuma tafi ga abin da zai rayu bayan kamfani: rijiya, lakwal, sana'a.

Jahar Maraɗi kanta ta ɗanɗana. A 2021 aka ga zinariya a yankin Ɗan Isa, dubban samari suka yi dafifi, rumfuna suka tashi cikin ƴan makonni. A watan Nuwamba na shekarar rami ya rufta a Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka rasu, hukuma ta rufe wurin. Ba a bar gari ba, ba a bar gona ba.

Korgom tana da abin da Akokan ba ta da shi: ƙasar da ke bayarwa kowace damina in an kula da ita. Manoman da suka bar gawo da kalgo suna tofowa cikin gonakinsu tun bayan 1984 sun shaida haka. Ɗan cirani da ya komo da kuɗin rami, in ya zuba su a taki, da bisashe, da rijiyar lambu, ya yi abin da Groningen ta tilasta da doka. In kuwa ya kashe su a biki da babur, to ranar da rami ya ƙare zai tarar da gida yadda ya bar shi.

Allah ya sa magabata da talakawa su yi tanadin gobe tun rami yana bayarwa.