Ƙafa ko Gwiwa? Darasi Daga Jitar Kwance

Jama'a, akwai wani abin kiɗa da yawancinmu muka taɓa jin muryarsa ba tare da mun ga siffarsa ba. Jita ce da ake girkewa a kan ƙafafu huɗu kamar tebur, mai kiɗa ya zauna a gabanta. Hannun hagu yana zamar da guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyi, na dama yana tsinkarsu. A ƙasa akwai fedoji da ake takawa da ƙafar hagu, a ƙarƙashin teburin kuma akwai sanduna masu lilo da ake turawa da gwiwa. Duk telan da ke aiki da babban keken ɗinki a nan PK8 ya san wannan tsari, domin ƙafarsa ke tuƙa keke, gwiwarsa ke ɗaga ƙafar da ke danne yadi.

Asalin kaɗa jita a kwance daga tsibirin Hawai ne, a ƙarshen ƙarni na 19. A Amurka aka ƙara mata feda. A 1953 Bud Isaacs ya taka feda alhali tsirkiya tana cikin kuka, a wani faifan Webb Pierce, amo ya lanƙwasa kamar muryar mutum. A 1956 Buddy Emmons ya raba aikin wannan feda gida biyu. Yau jitar da aka fi sani tana da tsirkiya 10, feda 3, da sandunan gwiwa 4 ko 5. A Nijeriya kuwa King Sunny Ade ne ya yi suna da ita a kiɗan juju, ta hannun Demola Adepoju, wanda aka ji a faifan Juju Music na 1982, kuma Paul Simon ya sa shi a Graceland na 1986.

Masu koyon wannan jita sukan yi gardama: ƙafa za a dogara da ita ko gwiwa? Masu goyon bayan ƙafa suna da hujja mai ƙarfi. Da feda aka yi kiɗan da ya fara fito da jitar, ƙafa ta fi gwiwa saurin sabo, kuma fedoji biyu na farko kaɗai sun isa a raka waƙoƙi da yawa. Ban musa ko ɗaya ba, kuma da su ya kamata almajirin kiɗa ya fara.

Sai dai ra'ayina shi ne wanda ya tsaya a ƙafa ya tsaya a rabin hanya. A tsarin da aka saba, fedojin nan uku duka ɗaure tsirkiya suke yi, amo ya hau. Idan ka saki feda, amo ya koma inda ya fito, ba zai gangara ƙasa da nan ba. Sassauta tsirkiya ɗaya ta sauka alhali 'yan uwanta suna nan daram, wannan aikin gwiwa ne. Mai kallo ba ya ganinsa, shi ya sa mai koyo yakan raina shi, amma a nan kiɗa ke samun taushi da zurfi.

To, mu ina ruwanmu da jitar Amurkawa? Ruwanmu kalangu. Mai kallo idonsa yana kan gula da hannun da ke dukan fata, alhali maganar kalangu a hammata take. Matse tsirkiya ke ɗaga murya, sassautawa ke sauke ta, kuma da wannan hawa da sauka kalangu ke kiran sunan mutum da kirarin gidansu, tun da Hausa harshe ne mai karin sauti. Makaɗan da suka raka Alhaji Mamman Shata har rasuwarsa a 1999 da wannan suka riƙe fage. Abin da Amurkawa suka nema da fedoji da sanduna da waya, mahauta da 'yan dambe sun daɗe suna jinsa daga damtsen makaɗi.

Abin damuwa shi ne bukukuwanmu a Libreville sun koma hannun na'ura da lasifika. Yaron da ya ɗauki kalangu ma, duka yake koya, domin shi ake gani a bidiyon waya, shi ake yi wa liƙi. Matsewar ba a koyonta sai an zauna kusa da babba, ana kuskure yana gyarawa. Ga shi yaranmu da yawa Faransanci ya fi kama bakinsu, kuma kunnen da bai saba da karin Hausa ba da wuya ya sa kalangu ya yi magana.

Saboda haka ina kira ga masu shirya biki da suna, a ware wa makaɗin gargajiya ko da sa'a ɗaya, a kashe lasifika, a biya shi hakkinsa da mutunci. Iyayen da ɗansu ke sha'awar kiɗa su kai shi wurin wanda ya iya tun yana da rai da lafiya. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Shi kuma saurayin da ya samu malami, ya tambaye shi abin da hammata ke yi kafin ya tambayi abin da gula ke yi.