Darasin Akabusi: Sake Hanya Ba Gazawa Ba Ce

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai wata cuta da ke cin mu, wato jin kunyar sake hanya. Mutum ya ga fagen da ya shiga ya cika maƙil, ya tabbata ba zai yi fice a ciki ba, amma sai ya daure ya zauna don gudun kada a ce ya kasa. Muna ganin labarin Kriss Akabusi, ɗan tseren Birtaniya, ya isa ya zama magani.

An haifi Akabusi a Landan a 1958. Iyayensa 'yan Nijeriya ne da suka je karatu, suka komo gida suka bar shi a hannun masu riƙo. Ya shiga sojan Birtaniya a 1975, kuma a can ne gwanintarsa ta gudu ta bayyana. A wasannin Olamfik na Los Angeles a 1984 ya sami lambar azurfa a tseren miƙa sanda na mutum huɗu, kowa mita 400.

Da wani ne, sai ya ce ya iso. Shi kuwa ya duba ya ga matasa irin su Roger Black sun taso, sun fi shi sauri a mita 400. Saboda haka a 1987, yana da shekara 28, ya koma tseren tsallake shinge. Wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne: shinge goma ne a cikin mita 400, kowanne tsayinsa ƙafa uku, kuma tilas mai gudu ya ƙidaya takunsa tsakanin shinge da shinge, alhali gajiya na cin ƙafafunsa. Wato sai da gwani ya koma ɗan koyo. Gemu dai ba ya hana ilmi.

Bayan shekara uku haƙuri ya biya. A 1990 ya ci zinariya a wasannin Kwamanwel, ya kuma ci ta Turai a birnin Split cikin sakan 47.92, ya karya bajintar da David Hemery ya kafa wa Birtaniya tun 1968. A Tokyo a 1991 ya sami tagulla a gasar duniya, sa'an nan a zagayen ƙarshe na tseren miƙa sanda ya wuce Antonio Pettigrew na Amurka, zakaran duniya a mita 400, ya kawo wa ƙasarsa zinariya. A Basalona a 1992 ya sami tagullar Olamfik cikin sakan 47.82.

Wani zai ce, to, ashe kowa ya ji wuya sai ya watsar da abin da ya fara? Ko kusa. Mu lura, Akabusi bai bar gudu ba, bai kuma gudu daga wahala ba. Abin da ya fi wuya ya nufa, ya ɗora sabuwar fasaha a kan ƙarfin da ya riga ya tara.

Mu nan kuwa duk mun yi cincirindo a ƙofa ɗaya: kowa lauya, kowa likita, kowa babban ofis, ga fannoni da yawa suna neman hannu. Wanda ya san a ransa cewa layin da yake bi ba nasa ba ne, ya auna kansa da gaskiya tun da sauran ƙuruciya. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.