Gizo-gizo, mai gadin shinkafa

A tatsuniyoyinmu mun san Gizo da wayo da haɗama, a cikin ɗaka kuwa tsintsiya muke bin saƙarsa da ita. Amma a gonar shinkafa, wannan halitta ma'aikaci ne da ba ya karɓar lada.

Gizo-gizo ba ya cin ganye, ba ya taɓa ƙwaya. Abincinsa ƙwari ne. Wani yakan kafa saƙa tsakanin ganyaye ya kama masu tashi, wani kuma ba ya saƙa ko kaɗan, sai dai ya yi farauta a gindin shuka, har yana gudu a bisa ruwa.

Mutanen Indonisiya sun ga abin da rashinsa ke jawowa. A shekarun 1970 da 1980 manomansu sun dukufa ga feshin magani, sai ga wani ɗan ƙwaro mai tsotse ruwan karan shinkafa ya yaɗu, yana busar da gonaki kamar an sa musu wuta. Dalili kuwa shi ne, ƙwaron yana ɓoye ƙwansa a cikin jikin shuka, inda magani ba ya isa sosai. Feshi ya kashe gizo-gizo da sauran mafarauta, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ƴaƴa suka tarar da gona babu mai gadi. A shekarar 1986 Shugaba Suharto ya hana amfani da magunguna iri 57 a kan shinkafa. A 1989 aka fara makarantun manoma a bakin gona, inda ake koyon rarrabe ƙwaro mai ɓarna da mai taimako.

Mu ma da muke noman shinkafa a bakin kogin Kwara, daga Tilaberi zuwa Gaya, wannan darasi ya shafe mu. Kafin mu ɗauki famfon feshi, mu shiga gona da sassafe, mu duba gindin shuka da saƙar da raɓa ta bayyana. Shinkafa ƙarama takan murmure daga cin ganye a makonninta na farko, don haka ba kowane huji a ganye ke neman magani ba. Idan ɓarna ta yi yawa, mu nemi shawarar malamin gona.

Kuɗin maganin da bai zama dole ba, gara ya tafi ga cefane da karatun yara. Ruwan da ke fita daga gonar kuma, kada mu manta, shi dabbobinmu ke sha, cikinsa kifinmu ke rayuwa.

Allah Ya albarkaci nomanmu.