Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Shawara Ga Masu Haɗa Gem a Kudancin Kano

A cikin matasan da ke koyon rubuta manhaja da kansu, babu wanda aikinsa ke saurin tsayawa a hanya kamar mai haɗa gem. Yakan fara da zumuɗi, ya ɗora hoton jarumin wasansa a Facebook, ya ce nan da Babbar Sallah za a fara bugawa. Sallah ta zo ta wuce, sai a ji laftof ta daina tashi, ko caja ta ƙone, ko manhajar da yake aiki da ita ta ƙi buɗewa tun da ya sabunta ta. Ga wanda ke zaune a Kiru, Bebeji, Tudun Wada ko Doguwa, waɗannan uzurori gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa zuwa birni takanas domin gyaran kwamfuta ya san haka. Sai dai akwai abin da ya fi wuta da caja kashe irin waɗannan ayyuka, shi ne girman wasan da mutum ya ɗora wa kansa tun ranar farko. Wanda ya auna wasansa da kwamfutar da ke hannunsa da wutar da garinsu ke samu, shi ne zai kai ga fitar da wani abu.

Jinkiri ya sami waɗanda suka fi ƙarfi

Misali mafi kusa yana maƙwabciyar ƙasa, Kamaru. Olivier Madiba ya fara tunanin wasansa mai suna Aurion tun 2003, yana matashi mai yin abin don sha'awa. Sai da ya kafa kamfanin Kiro'o Games a Yawunde, ya tara ma'aikata, ya nemi tallafin jama'a ta Kickstarter a 2015, sannan wasan ya fito a watan Afrilun 2016. Ɗauke wuta na cikin abubuwan da suka riƙa mayar musu da aiki baya. Shekara 13 ke nan daga tunani zuwa kasuwa. A Amurka kuma, Eric Barone ya shafe kusan shekara huɗu da rabi shi kaɗai yana haɗa Stardew Valley kafin ya fito a Fabrairun 2016, alhali yana zaune inda wuta da intanet ba su zama masa matsala ba.

Ana yawan kawo labarin mutanen nan biyu don ƙarfafa gwiwa, a ce kowa ya daure zai kai. Darasin da ya fi amfani ga matashin Tudun Wada shi ne na lissafi. Idan babban wasa ya ci wa mai wuta dare da rana shekara huɗu da rabi, shekara nawa zai ci wa wanda ke samun awa biyu da daddare, bayan ya dawo daga gona ko shago, kuma da damina aikin gona ya ɗauke masa wata uku ko huɗu? Wanda ya zauna ya ce zai yi irin GTA a kan titunan Kano ko irin Free Fire da Hausa, ya ɗauko aikin da manyan kamfanoni ke ɗaukar ɗimbin ma'aikata su yi. Ba ragwanci ne zai tsayar da shi ba, nauyin ne ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Kwamfutar da ke hannu

Yawancin masu farawa laftof ta hannu suke saye, a Kasuwar Beirut ko Farm Centre a birnin Kano, sau da yawa mai RAM gigabait 4 ko 8, ba ta da katin hoto na daban, batirinta kuma ya gaji. Irin wannan na'ura tana da abokan gaba da aka sani. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ramukan iska. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi kan haura digiri 40, sai masarrafar ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, mai aiki ya ga komai yana jan ƙafa ya ɗauka cutar kwamfuta ce ta shiga. Idan batir ya mutu aka dogara da wutar soket kaɗai, duk lokacin da aka ɗauke wuta na'urar takan mutu a tsakiyar rubuta fayil, kuma ta nan fayilolin aiki ke lalacewa. Wutar ƙaramin janareta mai hawa da sauka ita ma tana cin caja.

Maganin waɗannan ya fi sayen sabuwar kwamfuta sauƙi nesa ba kusa ba. A sa mai gyara ya buɗe ta ya share fanka ya sauya man da ke kan masarrafa. A cire tsohuwar ma'adana mai juyawa a sa SSD, domin ita ta fi sauri kuma ta fi jure girgizar tafiya a kan babur. A sauya batir kafin a yi tunanin ƙara komai. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana buƙatar TPM 2.0 da masarrafar da tsofaffin laftof da yawa ba su da ita. Wanda tasa ba ta cika sharaɗin ba yana iya komawa Linux Mint, kyauta ce kuma ba ta da nauyi.

Batun wuta kuwa, bai kamata kowa ya tsara aikinsa kamar zai same ta kullum ba. A Oktoban 2024, lalacewar layin Ugwuaji zuwa Apir, bayan an riga an lalata na Shiroro zuwa Kaduna, ta jefa Kano da jihohin Arewa da dama cikin duhu fiye da mako guda. Mai hankali yakan raba aikinsa gida biyu: zanen matakan wasa, ƙa'idojinsa da labarinsa a kan takarda lokacin da babu wuta, rubutun manhaja da gwaji kuma lokacin da aka samu caji.

Injin da ya dace

Kuskure na biyu yana wajen zaɓen injin haɗa gem. Unreal Engine yana cin gommai na gigabait kuma yana son katin hoto mai ƙarfi. Unity ya fi sauƙi, amma shi ma da kayan da ake haɗawa da shi don fitar da wasa a Android yana cin gigabait da yawa. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, don haka duk gigabait ɗin da aka sauke kuɗi ne daga aljihu, kuma a ƙauyen da sabis ke yankewa, saukewar na iya katsewa a fara daga farko. Akwai kuma haɗarin dogaro da kamfani ɗaya. A Satumban 2023 Unity ya sanar da sabon haraji bisa yawan sauke wasa, masu haɗa gem a duniya suka yi ca, kamfanin ya sassauta, sannan ya soke shi gaba ɗaya bayan shekara guda.

Ga mai tsohuwar laftof, Godot ya fi dacewa. Kyauta ne, buɗaɗɗe ne tun 2014, ba ya karɓar kaso daga cinikin kowa, fayil ɗinsa bai kai rabin gigabait ba, kuma yana aiki ba tare da intanet ba. Yana da tsarin nuna hoto na musamman don tsofaffin na'urori, har ma akwai nau'insa da ke aiki a wayar Android. Wanda bai iya rubuta manhaja ba tukuna yana iya farawa da GDevelop. Kowanne aka zaɓa, ƙa'ida ɗaya ce: nau'in da aka fara aiki da shi, da shi za a gama. Lokacin da Godot 4.0 ya fito a Maris 2023, ayyukan da aka rubuta a kan Godot 3 sun buƙaci gyara mai yawa kafin su yi aiki a kansa. Sabuntawa a tsakiyar aiki kamar sauya injin mota ne ana kan hanya.

Kwafin ajiya

A Oktoban 2011 ɓarayi suka shiga gidan wasu masu haɗa wasan Project Zomboid a Ingila suka ɗauke laftof biyu. Sabon aikin da suka yi yana kan ɗaya, kwafinsa kuma yana kan ɗayar. Sai da suka sake rubuta abin da ya ɓata. Kwafin da ke ɗaki ɗaya da na asali, ɓarawo ɗaya ko gobara ɗaya ta isa ta haɗa su.

Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana adana tarihin kowane sauyi a kan kwamfutar kanta ba tare da data ba, kuma idan sabon gyara ya ɓata wasa ana iya komawa na jiya. GitHub yana ba da ma'ajiyar sirri kyauta tun 2019. Rubutun manhaja ba shi da nauyi, ɗan sabis kaɗan ya isa a tura shi. Hotuna da sauti masu nauyi kuwa a zuba su a filash ko katin memori, a ajiye a wani gidan daban. Wanda ya yi wannan, in laftof ɗinsa ta mutu, mako biyu zai rasa a wajen mai gyara, aikin shekara kuma yana nan.

Matsalolin da mai Hausa kaɗai zai gamu da su

Darussan YouTube ba sa maganar ɓ, ɗ da ƙ. Yawancin kyawawan salon haruffan da ake saukewa don gem ba su da su, sai mai wasa ya ga ɗan akwati a tsakiyar kalma. Noto Sans na Google da Andika na SIL duk suna da su kuma kyauta ne, sai a gwada su tun ranar farko kafin a rubuta dukan maganganun wasa. Haka nan wayar da za a yi gwaji da ita. Wasan da ke gudu a laftof yana iya tsayawa cak a ƙaramar itel ko Tecno mai RAM gigabait 2, kuma irin waɗannan ne ke hannun yawancin waɗanda ake yi dominsu. A nemo mafi raunin waya a gida, ita ce alƙali.

Fitarwa ma tana da nata shingen. Google Play yana karɓar dala 25 sau ɗaya don buɗe asusu. Tun Nuwamban 2023 kuma, sabon asusu na mutum ɗaya sai ya yi gwajin rufe na kwana 14 kafin a bar shi ya fitar wa kowa. Da farko mutum 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12. Wanda bai shirya wa wannan ba zai sake ɗage ranar da ya yi alkawari. Amma babu abin da ya tilasta farawa daga can. Ana iya ɗora wasa kyauta a itch.io, ko a tura fayil ɗin APK ta WhatsApp da Xender, ko a kai wa masu shagon caji da turin fina-finai a Kwanar Ɗangora su riƙa sa wa masu saye. Mutum 30 da suka buga suka faɗi inda ya tsaya musu sun fi yabo dubu a ƙarƙashin hoton wasan da bai fito ba.

To wane wasa za a yi?

Wasu za su ce wannan shawara ce ta rage buri, kuma me zai sa a ce wa ɗan Doguwa ya yi ƙarami alhali takwaransa na Legas yana mafarkin babba. Akwai gaskiya a ƙorafin: kayan aiki suna da tasiri, kuma horo irin na 3MTT na gwamnatin tarayya ko GameUp Africa na kamfanin Maliyo Games ya fi isa ga mai wuta da data. Amma shi kansa Maliyo, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, da ƙananan wasanni irin Mosquito Smasher da Okada Ride ya fara. Flappy Bird na Dong Nguyen, ɗan ƙasar Biyetnam, taɓa fuskar waya kawai ake yi a cikinsa, ya kuma mamaye duniya a farkon 2014. Ƙaramin wasan da aka gama yana koyar da abin da babban da aka bari ba ya koyarwa: yadda ake haɗa sauti, yadda ake adana maki, yadda ake gyara kuskuren da wani ya gano.

Kayan yin sa kuma suna nan a ƙofar gida. Dara, wadda ake bugawa a ƙasa a gindin bishiya, gurabu 30 ce da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, ƙa'idarta a sane take, kuma kowace laftof za ta iya ɗaukarta. Ana iya yin wasan masunci a kwalekwale a madatsar ruwan Tiga, ko na makiyayi mai kiyaye garkensa daga shiga gonaki a gefen dajin Ɗansoshiya, ko na direba mai ratsa dajin Falgore a kan hanyar Jos. Kowanne ana iya yin sa a 2D, da mataki biyar, cikin wata uku. Babu kamfanin waje da zai zo ya yi waɗannan, domin bai san su ba. Idan matasan yankin suka ƙare ƙuruciyarsu suna jiran kwamfuta mai ƙarfi, ƙannensu za su ci gaba da buga wasannin da babu kalmar Hausa ko ɗaya a ciki.

Saboda haka duk mai wani wasa da ya kwana biyu a ajiye, ya buɗe shi a wannan makon ya rubuta jerin duk abin da ya yi niyyar sawa, ya soke kashi uku cikin huɗu. Abin da ya rage ya sa masa rana, ya tura kwafinsa GitHub a daren, sannan ya kai wa yaran unguwa su gwada tun bai yi kyau ba.